Tayi na Uku da Fatu Mai Yaji Take Jira

Duk wanda ya taɓa cin tsire a unguwar Ruwais ta Jidda shekarun baya ya ci yajin Fatu, ko ya san ta ko bai san ta ba. Ni Mas'uda ƙanwar mijinta ce, shekara arba'in da ɗoriya katanga ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka ba a bakin wani na ji labarinta ba. Kuma in faɗa muku tun yanzu, har yau ina jin haushinta, ina jin haushin 'yarta, haushin kaina kuwa ya fi duka.

A nan Jidda aka haife ta, kamar mu. Kakanninta daga wajen Katsina suka taso a ƙafa, suka yi hajji, suka zauna. Ita ko a mafarki ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma wallahi ban taɓa ganin Bahaushiya mai kara irin tata ba. Da safe ta soya gyaɗa, ta matse mai, ta toya ƙuli, ta daka shi da barkono da citta da kanumfari, kafin la'asar masu tsire sun zo sun kwashe. Idonta kullum ja wur. In ka ga tana hawaye ka tambaye ta, sai ta ce yaji ne. Ranar da mahaifiyarta ta rasu ma cewa ta yi yaji ne.

Babban halinta shi ne ba ta karɓar abu a tayin farko. Ko ruwa ka miƙa mata, maƙogwaronta ya bushe ƙamas, cewa za ta yi alhamdu lillahi. Ka sake, ta ce kada ka wahalar da kanka. Sai a na uku za ta miƙo hannu, tana kallon gefe. Haka iyayenmu suke, a wajensu tayi na uku shi ne tayi, na farko da na biyu gaisuwa ce. Mu mun sassauta, ita ta riƙe abinta gam.

Yayana Abdulghani tun a makon farko na aurensu ya gano ta. Shi mutum ne mai barkwanci, sai ya mai da abin wasa. Ya shigo da ledar kifi ya ce, "Fatu, za ki ci, za ki ci, za ki ci?" a numfashi ɗaya, don a gama da wuri. Ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi, ta karɓa.

Nutso ne sana'arsa. A Abhur, bakin teku arewa da gari, yake aiki, yana shiga ƙarƙashin jiragen masu hali yana kankare musu gindi, daga baya ya koma kai baƙi wuraren da murjani yake su leƙa. Ya dawo gida gashinsa da gishiri, ya zauna kusa da turminta yana ta zuba. Ya taɓa sarƙar da ke wuyanta ya ce, "Wannan murjanin naki gawa ne, Fatu. Mai ran yana can ƙasa." Ya ce mata kamar an buɗe akwatin lefe an zazzage atamfofin a ƙarƙashin ruwa, kuma atamfofin suna yawo. Ta ce ƙarya yake yi. Ya rantse. Ta ce to Allah ya kyauta, ya matsa kada yaji ya shigar masa ido.

Kowace shekara sai ya yi mata tayin ta zo ya nuna mata. Wannan kam har na ukun a'a take cewa, kuma da gaske take. Matar aure ta shiga teku maza na kallo? Bakin mutanen Ruwais kaɗai ya isa ya nutsar da ita. Zamanin ma ba irin na yanzu ba ne, ga goyo, ga sana'a. Shi kuma bai taɓa fushi ba, sai ya ce baɗi.

Wata Juma'a, shekara tara ke nan, ya riga ya ajiye aiki, ya same ta a tsakar gida. Ina nan ina tsince mata barkono. Ya ce wani abokinsa zai ba shi aron ƙaramin jirgi, daga shi sai ita, ba mai kallo. Wannan karon bai haɗa su a numfashi ɗaya ba, a hankali ya yi.

"Fatu, za ki zo?"

"Ni da tsufana?"

Ya gyara hularsa. "Fatu, za ki zo?"

"Kai dai ba ka gajiya."

Sai Hamad maƙwabcinmu ya ƙwala masa kira daga ƙofa, wai za su makara masallaci. Ya ce, "Bari in dawo." Bayan an sallame, a bakin ƙofar masallacin ya yanke jiki ya faɗi. Zuciya ce. Ko asibiti bai kai ba.

Sai da ta fita takaba ta faɗa mini. Muna zaune ta ce, "Mas'uda, da ya ƙara ɗaya, da na ce to." Ba ta sake tayar da zancen ba. Amma tabaran da yake nutso da shi, mai gilashi da igiyar roba da bututun numfashi, ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a gwangwanin biskit. Da rusau ya zo layinmu muka koma unguwar Sharafiyya, babban turminta ma a can ta baro shi, gwangwanin kuwa a cinyarta ya shiga mota.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Layan. 'Yar fari ce, don haka Fatu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Roƙonta wani abu kuwa, ai gara ta mutu. Layan a wani kamfanin inshora take aiki. Yarinya ce ta kirki, ba zan ci haƙƙinta ba, tana son uwarta kamar ranta. Sai dai 'yar zamani ce, Hausa tana ji amma rabin amsarta Larabci ne, kuma komai nata sauri. Ba ta tambayar uwarta ko tana son abu. Firji ya lalace, sai dai a ga sabo. Magani ya ƙare, sai dai a ga wani. To wadda ba ta tayi, ina za ta koyi cewa sau uku ake yi? Mu kuma ba mu zaunar da ita mun koya mata ba, mun ɗauka a nono ake tsotsa.

Bara idon Fatu ya fara ba ta matsala. Ta ce yaji ne. Da na ga tana laluben kofi a gabanta, na ja ta asibiti da ƙarfin tsiya. Likita ya duba ya daɗe, ya ce ciwon suga ne ya ci bayan idon, na hagu ya riga ya tafi, na dama ma za a yi iya ƙoƙari amma watanni ake magana, ba shekaru ba. A cikin lif ta damƙi hannuna ta ce in rantse ba zan faɗa wa yarinyar nan ba. Na ce wane irin shirme ne wannan? Ta ce ko in rantse ko ta daina yi mini magana. Na rantse, ni ma da tawa wautar.

Ba a yi wata biyu ba sai ga Layan da murnarta. Ba tambaya ta zo yi ba, sanarwa ce: ta yankar mana tikiti mu uku a babban jirgin nan na yawon shaƙatawa da ke tashi daga Jidda, kwana uku a teku, a tsaya yini guda a wani tsibiri. Ta kunna mana bidiyo a waya. Ga ɗakuna, ga wajen cin abinci, sannan ga wani jirgi ƙarami da suke kira katamaran, kamar kwale-kwale biyu aka jera aka shimfiɗa dandamali a tsakani, da ƙaton farin ƙyalle a sama iska na tura shi. Yana kwasar mutane daga tsibirin ya kai su inda murjani yake, su sa tabarau su kifa fuska a ruwa. Har da mata masu hijabi. Na ga Fatu ta kawo wayar daf da idonta na dama, ta ce, "Ikon Allah."

Washegari ta aike ni sayen yadi, shuɗi mai duhu, mara nauyi. Ni na ɗinka, don ita ba ta iya zura zare kuma: dogon wando, riga har gwiwa, da ƙaramin hijabi mai kama fuska. Ta gwada a ɗaki ta kulle ƙofa, ta fito tana ta jan rigar ƙasa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Yi dariyarki. Ni dai in gani sau ɗaya kafin a kashe fitilar." Nan dariyar ta tsaya mini. Da muna haɗa kaya na ga ta cusa gwangwanin biskit a ƙasan akwati.

Jirgin nan ba jirgi ba ne, unguwa ce. Mun ɓata sau biyu kafin mu gano ɗakinmu. Da azahar muka zauna cin abinci, teku ta kowace taga, Layan ta fito da waya ta ce yanzu za a zaɓi abin da kowa zai yi gobe a tsibiri, don wurare na ƙarewa. Ta karanto: akwai zama bakin ruwa ƙarƙashin lema, da abinci da abin sha, akwai kuma katamaran da leƙen murjani. Ta ɗago kai ta ce da Hausarta mai karkata, "Ummi, kina so ki je na ruwa?"

Karo na farko ke nan a rayuwarta da ta yi wa uwarta tayi. Na ga hannun Fatu ya tsaya cak da cokali.

"Ni? Wa ya aike ni? Da tsufana?"

To ga inda nawa laifin yake. A yadda muka saba, in an yi tayin farko aka ƙi, sai wani a gefe ya ɗan yi tsiya, a yi dariya, kunya ta ragu, sannan a sake tayi. Ni dangin miji ce, tsiya aikina ne. Na ce, "Fatu a ruwa? Ai kifayen sai su yi hijira zuwa Sudan!" Na yi dariya, Fatu ta yi murmushi ta sunkuyar da kai tana jiran na biyu.

Layan ma ta yi dariya. Ta ce, "Sahih, Ammati. Halas, lema ta fi muku," wato gaskiya ne gwaggo, magana ta ƙare. Ta danna wayar da babban yatsa, ta ajiye, ta jawo farantin salak.

Shi ke nan fa. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba.

Na buɗe baki, sai na ji farce a cinyata ta ƙarƙashin tebur. Fatu ce, ta mintsine ni har sai da wajen ya yi shati. Fuskarta kuwa lafiya lau, har tana cewa kifin nan ya yi daɗi.

Da Layan ta tafi ɗaukar hotuna na tasa ta gaba. Na ce, "Ke wace irin mace ce? 'Yarki ce fa! Buɗe baki ki ce kina so!" Ta ce, "In ce mata me? Ta kawo ni, ta zaɓa mini, in ce ba ta iya ba?" Na ce to ni zan faɗa. Ta ce, "In kika faɗa sai ta ce don me dole sai yanzu, sai kin gaya mata zancen ido. Kin rantse, Mas'uda." Na ce Allah ya isa tsakanina da wannan rantsuwa. Ta ce amin, amma dai na rantse.

Na bar ta na gangara wajen masu rajista ni kaɗai, ina haki. Na ce wa mutumin da ke wurin wuri ɗaya nake so a katamaran, ɗaya tak. Ya duba ya ce ya cika tun ɗazu. Na ce ya sake dubawa. Ya ce ya cika, Hajiya. Na ce tsohuwa ce, ba ta da nauyi, ko a kan igiya sai ta zauna. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na koma roƙo, har mutanen da ke bayana suka fara tsaki. Ya rubuta lambar ɗakinmu ya ce in wani ya fasa za a kira. Ba wanda ya fasa. Wa zai fasa?

Da safe aka sauke mu a tsibirin. Yashi fari tas, lemomi a jere, ruwa shuɗi har ya gaji. Layan sai hidima take da mu, ta gyara wa uwarta matashi, ta kawo mata lemon kwakwa, tana cewa, "Mabsuɗa, Ummi?" wato ko tana jin daɗi. Fatu ta ce sosai, Allah ya yi albarka. Ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin abayarta. Kayan nan shuɗɗa ta saka tun a ɗaki, ko da za a kira.

Muna zaune katamaran ɗin ya tashi. Aka ja ƙyallen sama, iska ta cika shi, mutane na ɗaga hannu suna ihu. Fatu ta ce a hankali, "Wancan farin ne?" Na ce shi ne. Ta bi shi da ido ɗaya har ya shige mata hazo, ni kuwa ina ganinsa sarai, bai ma yi nisa ba.

Can Layan ta tashi ta ce za ta zaga ta ga shaguna. Tana ba da baya Fatu ta zuge jaka ta fito da gwangwanin. Ta ce, "Riƙe ni." Ta tuɓe abaya, muka taka har ruwa ya kawo mana gwiwa. Shekara sittin da uku tana zaune a bakin tekun nan, ranar ta fara sa ƙafa a ciki. Ta warware ɗankwalin, ta ɗora tabaran a fuska, ta ja igiyar za ta zagaya ƙeya, sai ji muka yi ɗas. Robar ta tsufa, ta tsinke. Ta danne gilashin da tafin hannu, ta durƙusa, ta kifa fuskarta a ruwa, ina riƙe da ƙugunta.

Ta ɗan jima. Ta ɗago, ta ja numfashi, ta sake komawa. Da ta ɗago na biyu na ce, "Me kika gani?"

"Yashi," ta ce. "Da ƙafarki."

Muka fito. Ta mai da abaya a kan jiƙaƙƙun kaya, ta goge gilashin da kyau ta naɗe. Ruwa na bin kumatunta. Ban tambaya ba, ita ta ce, "Gishirin nan ya fi yaji zafi." Da Layan ta dawo ta ga gefen abayar a jiƙe, ta yi murna wai Ummi ta taɓa ruwa, har ta ɗauke ta hoto.

Da la'asar masu katamaran suka dawo, baki har kunne. Wata mata da muka saba da ita a jirgi ta zo tana nuna mana abin da ta ɗauka a waya. Na kalla. Wallahi Abdulghani bai yi ƙarya ba, atamfofin ne, suna yawo. Fatu ta karɓi wayar ta kai ido, ta matso da ita, ta nisanta, ta ce ma sha Allah, ta mayar. Na san ba ta ga komai ba sai shuɗi.

Wata biyar bayan nan idon dama ya bi na hagu. An yi allurai, an yi abin da za a yi. Dole Layan ta sani, ta yi kuka, ta yi mana faɗa don mun ɓoye mata. Zancen jirgi dai ba wanda ya tayar. Sai ranar da take gyara ɗakin uwar don kada ta riƙa tuntuɓe, ta ci karo da gwangwanin, da shuɗɗan kayan a ninke a kansa. Ta kawo mini kicin ta ce, "Ammati, esh hada?" Mene ne wannan?

Rantsuwata a kan ido ce, ido kuwa ya riga ya tafi. Na faɗa mata duka, kuma ban faɗa da daɗi ba. Na ce ubanki sau biyu ya tambaya ya mutu, ke sau ɗaya kika tambaya kika danna waya. Na ce shekara talatin kina cin tuwon matar nan ba ki san sai an yi mata tayi uku ba? Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Ba wanda ya faɗa mini." Gaskiyarta ne, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Ni da na sani, ai tsiya na tsaya yi.

Ta wuce falo, na bi ta. Fatu na zaune a kan darduma da carbi. Layan ta durƙusa a gabanta, ta ɗora mata tabaran a cinya. Fatu ta shafa, ta gane, ta juyo da fuska wajen da take zaton ina tsaye. Layan ta haɗa Hausarta kaf, ba Larabci ko ɗaya.

"Ummi, zan kai ki. Za ki zo?"

"Wa ya faɗa miki wannan zance? Mas'uda ba ta da aiki."

"Ummi, za ki zo?"

"Tashi, kada ki makara wajen aiki."

Layan ta kama hannayen uwar biyu.

"Ummi. Za ki zo?"

Fatu ta zare hannu ɗaya ta lalubo fuskar 'yar, ta shafa goshi, ta shafa kumatu. Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba sai ranar.

"Layan," ta ce, "in je in ga me?"

Ban iya tsayawa ba. Na koma kicin na jawo ƙaramin turmi, na zuba barkono na hau daka, don in wani ya shigo ya tambaye ni in sami abin faɗa.